Daga Tashar Mafara Zuwa Kan Tsauni

Ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, kamar yadda duk wanda ya ratsa ta ya sani, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya wadda Allah Ya yi wa baiwar gulbi da fadama da ƙasar noma, har shinkafarta da albasarta suna kaiwa kasuwannin da manomanta ba su taɓa takawa ba. Amma in ban da 'yan tuddai da duwatsun da ke warwatse nan da can, ba a ba ta rabon tsauni ba, irin wanda mutum zai wuni yana hawa, iska tana ƙara sanyi, itatuwa suna ƙara gajarta, har ya iske kansa a inda girgije ke wucewa ta ƙarƙashinsa. Garin Talata Mafara kansa kimanin mita 300 yake bisa fuskar teku, kuma ga yawancin yaran yankin, wuri mafi tudu da suka taɓa tsayawa suka hangi nesa shi ne bisa ganuwar madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978. Saboda haka idan aka ce wa ɗan wannan yanki akwai al'ummomin da suka mai da hawan tsauni wani sashe na tarbiyyar 'ya'yansu da hutun ma'aikatansu, har hukuma ta tanadar musu motocin haya da ke sauke su a gindin dutse da hantsi su komo su kwashe su da la'asar, ba abin mamaki ba ne ya ɗauki zancen shagalin waɗanda suka ƙoshi. Ni kuwa ina ganin akwai mas'ala a cikinsa wadda ta shafe mu kai tsaye, ita ce mas'alar motar da hanyar da amincin da ke kan hanyar, domin su ne ke hukunta ko dutse na kowa ne ko na masu hali kaɗai.

Bari mu fara da inda abin ya kai ga kamala, don a sami ma'aunin da za a auna namu da shi. A tsakiyar Turai akwai jerin tsaunukan da ake kira Alps, waɗanda suka ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan da Ostiriya da wasu ƙasashen, mafi tsayinsu ya haura mita 4,800, ƙanƙara ba ta barin kansa rani da damina. A kusurwar gabashin Suwizalan, daf da iyakar Italiya, hukumar ƙasar ta keɓe wani yanki a ranar 1 ga Agusta 1914, ta haramta farauta da sara da kiwo a cikinsa, ta bar shi ga halittun da Allah Ya zuba a wurin su rayu su mutu bisa ɗabi'arsu. Shi ne gandun ƙasa mafi daɗewa a duk waɗannan tsaunuka, alhali faɗinsa bai wuce kimanin murabba'in kilomita 170 ba, abin da bai kai rabin ƙaramar hukuma ɗaya ta Zamfara ba. An fitar da turbobin ƙafa na kimanin kilomita 100 a cikinsa, aka kuma gindaya wa mai shiga sharuɗɗa masu tsanani: kada ya kauce wa turba ko da taku kaɗan, kada ya shiga da kare ko da a ɗaure, kada ya hura wuta, kada ya tsinki fure ko ya ɗauki dutse, kada ya kwana sai a masaukin da aka tanada, wanda ya saɓa kuwa tara ce ke hawa kansa. Idan hunturunsu ya shigo, ƙanƙara ta rufe turbobin, sai a rufe gandun baki ɗaya har ta narke.

To, abin da ya sa wannan wuri ya zama na talaka da mai kuɗi daidai wa daida shi ne wata mota ruwan ɗorawa, mallakar hukumar gidan waya, wadda irinta ta fara jigilar fasinja a ƙasar tun 1906. Matafiyi yakan sauka daga jirgin ƙasa a wani ƙaramin gari mai suna Zernez, ya tarar da motar tana jiransa a ƙofar tasha, domin an ɗaura jadawalinta a kan jadawalin jirgin. Daga nan ta kama titin da ya keta gandun, tana hawa tana karkata har mashigar Ofen mai tsayin mita 2,149, direba yana busa ƙahonsa mai murya uku a kowace kwana mai duhu don mai tahowa ya ji, tana tsayawa a wuraren da turbobin ƙafa suka taɓo titi. Da saukar mutum zai ga wani allo ruwan ɗorawa a kan sanda, an rubuta sunan inda turbar ta nufa, a gabansa kuma, maimakon yawan kilomita, an rubuta sa'o'i da mintocin da mai matsakaicin ƙarfi zai ɗauka, saboda sun gane cewa a kan dutse nisa ba ya gaya wa mutum kome, hawa ne ke cin ƙarfi da lokaci. Idan ya shiga turbar, zai riƙa cin karo da fenti a jikin duwatsu, fari da ja da fari, wanda ke shaida masa bai ɓata ba. Da wannan allo a gabansa da jadawalin mota a aljihunsa, yana iya yin lissafinsa tun kafin ya ɗaga ƙafa: sa'a uku hawa, sa'a biyu gangara, motar ƙarshe ƙarfe kaza. Yana kuma iya shiga ta wannan kwari ya ɓulla ta wancan, tun da ba motarsa ya ajiye a wani wuri ba balle ya koma nemanta, wanda wannan falala ce da mai motar kansa ba ya samu. Irin waɗannan turbobi masu alama sun kai kimanin kilomita 65,000 a faɗin ƙasar, kuma tun 1979 jama'arta suka jefa ƙuri'a suka shigar da kula da su cikin tsarin mulkinsu.

Ba na kawo wannan don a ce Turawa sun fi mu son halittar Allah ba, domin ba haka ba ne, kuma ba daga gare su aka fara jin keɓe daji don maslahar jama'a ba. Malaman tarihi da fiƙihu sun tabbatar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza, mu ma a nan mun gaji hurumi da burtali waɗanda ba mai taɓa su sai da izinin sarki. Tafiyar ƙasa kuwa gadonmu ce: fatake sun taka daga Kano har Gwanja neman goro, alhazan dauri sun taka har bakin Bahar Maliya, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya yi kimanin shekara biyar yana zagaya ƙasar Zamfara da wa'azi, har ya zauna a Faru ta ƙasar Maradun. Hatta hawan dutsen ma ba baƙonmu ba ne, domin kowace shekara ana ganin alhazanmu, har da tsofaffi masu dogara sanda, suna hawa Jabalun Nur a Makka, mai tsayin kimanin mita 640, don su ga kogon Hira da idonsu, duk da malamai suna tunatar da su cewa hawan ba ya cikin ayyukan Hajji. Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar da tafiya a bayan ƙasa da tafakkuri a kan halittu, duwatsu kuwa suna cikin abubuwan da ya ja hankali gare su. Sha'awar tana nan ke nan, dalilin addini da na al'ada suna nan. Nizamin da zai kai mutum gindin dutse ya komo da shi lafiya shi ne ya yi mana ƙaranci.

Dutse mafi kusa da ɗan Mafara wanda ya cancanci a yi tattaki dominsa shi ne na Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bunguɗu, 'yar tafiya kaɗan bayan Gusau a kan hanyar Tsafe da Funtuwa, kuma motar haya tana kai mutum har inuwarsa. Wanda ya taso daga Bakura ko Maradun sai ya fito babban titin Sakkwato zuwa Gusau tun da sassafe, in ranar Talata ce ma ya fi samun mota, domin kasuwar Mafara tana ci. A tasha zai tarar da 'yan kamasho suna kiran "Gusau! Gusau! Saura mutum ɗaya!" alhali kujeru uku ne babu kowa, yaron mota yana cusa buhun albasa a but yana danne murfin da igiya, mai shayi yana fifita garwashi, direba kuwa yana gefe yana jiran lodi ya cika, don motarmu ba agogo ke tayar da ita ba, cika ke tayar da ita. In ta cika aka yi bisimilla, sai Mayanci, sai Maru, sai Bunguɗu, sai Gusau. A can a sake wata mai zuwa Tsafe ko Funtuwa, a ce wa direba a Kwatarkwashi za a sauka. Tun daga nesa ake hango dutsen ya tokare sama, baƙi-baƙi, santsin ruwan damina na shekaru aru-aru ya zana masa layuka daga bisa har ƙasa, garin kuma yana kwance a gindinsa. Mutanen dā sun zaɓi zama a irin waɗannan wurare ne don kariya a zamanin yaƙe-yaƙe da hare-haren bayi, kuma dattawan garin suna ba da labarin bikin da ake yi a dā, wanda samari ke hawa dutsen su kamo maiki.

A nan ya kamata a yi wa motarmu adalci. Ba ta da jadawali, ba ta da fenti ɗaya, tana ɗaukar mutum huɗu a kujerar mutum uku, amma tana shiga lungunan da ba wata hukuma da ta taɓa tsara mata shiga, inda ta tsaya kuma ɗan kabu-kabu yana nan da babur ɗinsa zai ƙarasa da kai. Naƙasunta ga mai hawan dutse guda ɗaya ne, sai dai babba ne: ba ka san lokacin komowa ba. Mai hawa a Suwizalan ya san motar ƙarshe, namu kuwa dole ya ƙaddara wa kansa cewa la'asar ta same shi a bakin titi, domin daga nan motoci suna raguwa, kuma ba mai hankalin da zai so magariba ta riske shi a kan wannan hanya a halin da ake ciki.

Shi hawan kansa yana da ladubbansa, waɗanda rashin saninsu ne ke jawo yawancin haɗari. Farkonsu neman izini: a je fada ko wurin mai unguwa a yi sallama, a faɗi abin da ya kawo mutum, a roƙi a haɗa shi da ɗan gari wanda ya san ta inda ake hawa da inda ba a bi, wanda kuma ya san ko ranar ta dace a hau ko ba ta dace ba; in aka ce kada a hau, to, a haƙura a juya, domin su suka san abin da ke bayan dutsen. Irin wannan dutse na ƙanƙarar duwatsu, wanda ya daskare a cikin ƙasa tun zamanin da ba mai iya ƙirgawa sannan ruwa da iska suka zaizaye ƙasar da ke rufe da shi, yana riƙe tafin ƙafa sosai in ya bushe, amma da ruwa ya taɓa shi sai ya koma santsi tsantsa, shi ya sa ba a hawansa da damina bayan an ɗauke ruwa, ba a kuma hawansa da silifa ko takalmin fata mai sulɓi, sai mai ƙasan roba wanda ya kama ƙafa. Yana kuma shan rana ya riƙe, ta yadda a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a wannan yanki, kafin azahar tafin hannu ba ya iya daɗewa a kansa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sanyin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a fara da ɗagowar rana. A ɗauki ruwa fiye da abin da ake zaton za a sha, da ɗan guzurin dabino ko ƙuli-ƙuli ko gyaɗa, kada a zura hannu cikin tsaguwar dutse saboda maciji da kunama, kada a ɗaga murya kusa da inda zuma ta yi saƙa. A tafi da takun mafi rauni a cikin ayari, gama sannu ba ta hana zuwa. Sannan a sani cewa gangara ta fi hawa haɗari, domin a lokacin ne gwiwa ta gaji, hankali kuma ya riga ya koma gida.

Wanda ya ɗanɗana wannan ya ji yana son ƙari, akwai Dala da Goron Dutse a cikin birnin Kano, waɗanda A-daidaita-sahu ke kai mutum gindinsu, akwai Kufena a Zariya, akwai duwatsun Shere a gefen Jos masu tsayin mita 1,829, inda gwamnatin tarayya take da makarantar horar da matasa juriya da jagoranci. A arewa kuma, cikin Jamhuriyar Nijar, akwai duwatsun Azbin, inda ƙololuwar Bagazam ta kai mita 2,022, manyan motocin safa suna kai mutum Agadas, daga nan sai motar jeji da jagoran Buzaye. Amma in ana maganar tsauni na haƙiƙa a cikin gandun ƙasa, mai sanyi da ciyawar tudu da hazo, wanda za a iya jerawa da abin da muka bayyana na Turai, to, a Nijeriya sai a nufi Gashaka-Gumti.

Wannan gandu yana kan iyakarmu da Kamaru, wani sashensa a Jihar Taraba wani a Adamawa, an kafa shi a 1991 ta hanyar haɗe gandayen namun daji biyu, na Gashaka da na Gumti, kuma shi ne mafi girma a ƙasar nan, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Ɓangarensa na arewa fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, irin wanda idon Bazamfare ya saba da shi. Na kudu kuwa tsaunuka ne da kwaruruka da kurmi mai duhu, daga cikinsu koguna da dama ke ɓuɓɓugowa su gangara su ciyar da Binuwai, wanda ke nuna cewa manomin da ke ban ruwa a can ƙasa yana cin albarkacin itatuwan da bai taɓa gani ba. A cikinsa akwai ɓauna da dorina da damisa da gwanki da mugun dawa, da birai iri-iri har da wanda ya fi kama da ɗan Adam, wanda masana suka daɗe suna nazarinsa a wurin, da tsuntsaye fiye da iri 500. A kan iyakar kuma Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda babu wurin da ya fi shi tudu a duk faɗin Nijeriya. Yankin nan bai shigo Nijeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961, lokacin da mutanen Arewacin Kamaru ta Ingila suka zaɓi haɗewa da Jihar Arewa, shi ya sa har yau ƙaramar hukumar da ke kan tudun Mambila take amsa sunan Sardauna.

Daga Mafara zuwa can tafiya ce ta haura kilomita 1,000, kuma duk da haka kusan dukkanta ana yin ta a motar haya, tasha bayan tasha: Gusau, Funtuwa, Zariya, Jos, Bauci, Gombe, Numan, Jalingo, sannan a karkata kudu ta Bali zuwa Serti, inda ofishin gandun yake, inda kuma ake yankar izinin shiga a haɗa baƙo da ma'aikacin da zai raka shi. Mai hankali ba zai ba ta ƙasa da kwana biyu ko uku ba, yana kwana a gari kafin dare. Daga Serti titin ya ci gaba zuwa Mayo Selbe, a nan ne ya fara hawan tudun Mambila, yana naɗewa yana warwarewa a jikin dutse, injin mota yana kuka, kunnen fasinja yana toshewa, har a ɓulla wani fili mai kore shar wanda matsakaicin tudunsa ya kai kimanin mita 1,600, shanun Fulani suna kiwo a kan tuddai marasa itace, gonakin ganyen shayi na Kakara suna shimfiɗe, mutane suna yawo da rigunan sanyi da rana tsaka. Masu nufin ƙololuwar sukan bi ta Nguroje, daga nan babur ya karɓe su zuwa ƙauyukan da ke kusa da iyaka, daga inda babur ya gaza kuma sai ƙafa, kwana da kwanaki, da jagora da masu ɗaukar kaya. A wannan gaɓar ce bambancinmu da Suwizalan ya fito fili, domin a can mota tana ajiye ka a bakin turba mai alama, a nan kuwa tsakanin inda motar haya ta ƙare da inda hawa ya fara akwai tazarar da sai mai kuɗin hayar babur da jagora da 'yan dako ke iya cike ta.

Wajibi ne ɗan ƙasar zafi ya san abin da zai tarar a bisa. Ƙa'idar da masana yanayi suka tabbatar ita ce, duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi, wanda ke nufin tsakanin Mafara da kan Chappal Waddi akwai bambancin digiri 13 ko 14 tun kafin a sa lissafin iska da raɓa da dare. Wanda ya tafi da 'yar shara da hula kawai zai kwana yana karkarwa. Iska kuma tana yin sauƙi, numfashi yana yin gajere, ko da yake ciwon tudu mai tsanani yawanci sai an haura mita 2,500 yake kama mutane. Lokacin zuwa shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris, domin da damina koguna suna cika, hanyoyi suna yankewa. Ta fuskar ibada kuwa shari'a ta sauƙaƙa wa musafiri, tun da a mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48 tana sa a yi ƙasaru, matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba, kuma in ruwa ya yanke, taimama a kan dutse ta inganta. Gandun shi ma bai tsira daga ɓarna ba, gama masu farautar sata da masu saran madobiya don fitarwa ƙasashen waje sun yi masa illa, har ma'aikatansa sun rasa rayukansu wajen tsare shi. Amma tun 2017 Hukumar Gandayen Ƙasa ta ƙulla yarjejeniya da gidauniyar Africa Nature Investors don ƙarfafa tsaro da horar da masu gadi, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa har yanzu baƙo yana iya zuwa.

Yanzu sai mu komo gida, inda maganar take da ɗaci. Cikin tsofaffin gandayen ƙasa, mafi kusa da mu shi ne Kamuku, a ƙasar Birnin Gwari, wanda En'e ta keɓe tun 1936, gwamnatin tarayya ta ɗaga shi zuwa gandun ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000, yana da duwatsu da namun daji, yana kuma manne da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Da abubuwa suna tafiya daidai, nan ne malamin makarantar Bakura zai kai ɗalibansa hutun ƙarshen zango su ga abin da suke karantawa a littafi. Amma yau ba mai ambaton Kamuku ko Kuyambana ko Sububu ya tuna da gwanki, sai dai ya tuna da 'yan bindiga da kuɗin fansa da ƙauyukan da aka tasa. Mutanen ƙaramar hukumar Talata Mafara ba su manta da daren 26 ga Fabrairu 2021 ba, da aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe aka shiga daji da su, su 279 suka komo bayan 'yan kwanaki, kuma a shekarar nan ɗaya aka auka wa kwalejin aikin gona ta Bakura da wata makarantar a ƙasar Maradun. Ba zan shawarci kowa ya doshi waɗannan dazuzzuka ba, kuma duk wanda ya shawarce ka da haka a yau ba masoyinka ba ne.

Dalilan wannan musiba suna da yawa, ba kuma wannan ne muhallin ƙirga su ba, amma akwai ɗaya da ya shafi zancenmu, wanda nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa. An shata waɗannan dazuzzuka a takarda, aka ce na hukuma ne, aka hana talaka shiga, sannan hukumar ta janye ƙafarta, ba hanya, ba isassun masu gadi, ba baƙi, ba wani ɗan ƙauyen gefe da ke cin abinci ta dalilin dajin balle ya ji ciwon lalacewarsa; gandu a wannan hali rijiya ce ba guga, mai ita yana kallo ƙishirwa tana cinsa. Dajin da mutanen kirki suka daina shiga ba ya zama fanko, wasu ne ke shiga. Inda kuwa mota ke zuwa kullum, ɗalibai suna sauka, mai shayi ya kafa tebur, samarin gari suna samun na cefane ta hanyar jagoranci, ma'aikacin gandu yana zagayawa da albashinsa a aljihu, to, akwai idanu da yawa a kan wurin, kuma akwai masu asara in ya ɓaci. Ba na da'awar cewa yawon hawan dutse zai kori mai bindiga, wannan aikin hukuma ne da jami'an tsaro da adalcin shugabanni. Abin da nake cewa shi ne, ranar da Allah Ya kawo sauƙi, in aka sake barin dazuzzukan nan yadda aka bar su a dā, za a sake girbe abin da aka girba.

A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da ƙarin gandayen ƙasa goma, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina da Baturiya a Jigawa, kuma wannan abin a yaba ne, in har za a bi sunan da hanya da ma'aikata. Mu a Zamfara ba sai mun jira babban shiri ba. Kwatarkwashi tana bakin kwalta, tana da sarki, tana da jama'ar da suka san dutsensu taku-taku. Ina roƙon gwamnatin jiha da masarautar garin su zauna su fitar da turba ɗaya tak mai alamar fenti, su zaɓi samari amintattu su koya musu jagoranci da taimakon gaggawa, su sa jami'an tsaro su tabbatar da ranakun da za a iya hawa. Ina roƙon ƙungiyar direbobi ta tashar Mafara da ta Gusau su ware mota ɗaya mai tashi da komowa a kan ƙayyadadden lokaci, ko da sau ɗaya ne a mako. Ina kuma roƙon masu martaba Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Ƙayan Maradun, da shugabannin Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau, su sa baki a cikin maganar, domin 'ya'yansu ne za su fara cika wannan motar.